Fakitin da ya fi ƙarfin kafa: yadda ake gano shi da yadda ake bi da shi a Linux

Alamun wannan matsala ba sa ɓuya. Ping yana zuwa yana dawowa, SSH ya karɓi kalmar sirri, amma da zarar ka nemi ganin dogon fayil sai allo ya sandare. An haɗa NFS lafiya, jera fayilolin babban kundi kuma ya gagara. Ƙananan fakitoci suna wucewa, manya suna ɓacewa, ba kuwa saƙon kuskure ko ɗaya, shiru kamar an shuka dusa. A nan ne da yawa daga masu kula da sabar ke fara rage MTU, wato iyakar girman fakitin da kafar sadarwa ke aikawa, da ka, yau 1400, gobe 1300, har abin ya motsa. Yakan motsa ɗin, sai dai ba wanda ya san abin da aka gyara, shi ya sa yake dawowa.

Fakiti yana iya yin girma a wurare huɗu dabam-dabam: a bakin katin sadarwa, a wurin harhaɗa gutsattsarin IP, a wurin tura shi gaba zuwa wata kafa, da kuma a soket ɗin manhaja. Kowane wuri da iyakarsa, da maƙirginsa, da maganinsa. Aikin gaba ɗaya shi ne ka gano wane mataki ne ya jefar da fakitin kafin ka taɓa kowane saiti.

Ƙididdigar da za ka riƙe a ka

MTU na Ethernet da aka saba bayit 1500 ne, kuma fakitin IP kawai yake aunawa. A kan waya ana ƙara bayit 14 na kan firam da bayit 4 na FCS, lambar tantance lafiyar firam, a wutsiya, jimilla 1518. Alamar VLAN ɗaya ta 802.1Q tana ƙara 4, ya zama 1522. Alama biyu, 1526. PPPoE yana cin bayit 8 daga cikin 1500 ɗin, shi ya sa ake ganin 1492. Bututu, wato sanya fakiti a cikin wani fakiti, shi ma yana cin nasa: GRE a kan IPv4 yana cin 24, saura 1476. VXLAN yana cin 50, saura 1450. WireGuard yakan sa 1420 da kansa saboda ya ware 80 don yanayin da bututun ke tafiya a kan IPv6. Manyan firam da ake kira jambo yawanci 9000 ne a kan kwamfuta, suwic kuma 9216 don a bar sarari ga kawuna da alamomi.

Ta ƙasa kuma, IPv6 bai yarda da hanyar da ta gaza 1280 ba. IPv4 ya wajabta wa kowace na'ura ta iya karɓar fakiti mai 576. Ta sama, filin tsawo na IPv4 bit 16 ne, don haka babu halastaccen fakiti da ya wuce 65535.

MTU ba mai gadin ƙofar shiga ba ne

Wannan shi ne abin da ya fi ruɗa mutane. MTU ƙa'ida ce ta aikawa. Idan fakiti ya iso kuma na wannan kwamfutar ne, sashen IP na Linux ba ya gwada tsawonsa da MTU na kafar da ya shigo. Wanda ke yanke hukunci shi ne kati da direbansa, kuma kowane kati da halinsa. Katunan Intel na dangin e1000 misali ne mai kyau: suna da wani bit mai suna LPE a rajistar karɓa. In yana kashe, kati yana jefar da duk firam da ya wuce 1522. In an kunna shi, wanda direba ke yi da zarar MTU ya haura 1500, kati yana iya karɓar har 16384 ko da MTU ɗinka 1600 ne kacal. Wasu katunan suna da rajistar da ake rubuta iyakar daidai da bayit. Saboda haka kwamfuta biyu masu MTU iri ɗaya suna iya bambanta: ɗaya ta karɓi firam mai 1530, ɗayar ta zubar.

Kafofin da ba na ƙarfe ba sun fi tsauri. veth da gadar Linux suna kiran `is_skb_forwardable`, wanda ke barin MTU da kan firam da bayit 4 na VLAN, ba ƙari. Shi ya sa sabar ke karɓar fakiti lafiya, kwantenar da ke cikinta kuma ba ta taɓa ganinsa ba.

Abu mafi muni a wannan mataki shi ne shirun. Ethernet ba shi da hanyar gaya wa mai aikawa cewa firam ɗinsa ya yi girma. Kati ko suwic ya jefar, ya ƙara ɗaya a maƙirgi, shi ke nan. Ba ICMP, wato saƙon kuskure na matakin IP, ba komai.

Mataki na farko: tabbatar idonka ba ya yaudararka

Ka kunna tcpdump ka ga fakitin TCP mai bayit dubu ashirin ko dubu sittin a kan kafa mai MTU 1500. Kada ka firgita, wannan aikin GRO ne: kenel yana ɗinke ƙananan fakitoci na zance ɗaya su zama babba kafin su hau sama, tcpdump kuma bayan ɗinkin yake gani. Da can iyakar ɗinkin kilobayit 64 ce. Tun daga Linux 5.19 ga IPv6, da 6.3 ga IPv4, tsarin BIG TCP ya ba da damar wuce hakan in an ɗaga `gro_max_size` ko `gro_ipv4_max_size`. Don ganin ainihin abin da ya zo a waya, kashe ɗinkin na ɗan lokaci:

```
ethtool -K eth0 gro off lro off
tcpdump -eni eth0 greater 1515
```

An sa 1515 ne domin tcpdump ba ya ganin FCS, cikakken firam a wurinsa 1514 ne. Ka mayar da GRO bayan gwaji, domin rashinsa yana cin ƙarfin injin sosai a kan hanya mai sauri. LRO kuwa, wanda kati ke yi da kansa, bai dace da na'urar da ke tura fakiti gaba ba, domin yana ɓatar da iyakokin fakitocin asali. Kenel yana kashe shi da kansa idan aka kunna turawa gaba ko aka sa kafar cikin gada.

Mataki na biyu: tambayi maƙirgai

Firam da kati ya jefar ba zai taɓa bayyana a tcpdump ba. Shaidarsa tana cikin ƙididdiga kaɗai:

```
ip -s -s link show dev eth0
ethtool -S eth0 | grep -iE 'long|over|length|giant|jabber'
```

A umarni na farko duba `length` a layin kurakuran karɓa. A na biyu sunaye sun bambanta da direba: e1000e da igb suna cewa `rx_long_length_errors`, i40e yana cewa `rx_oversize`, mlx5 yana da `rx_oversize_pkts_phy` da `rx_oversize_pkts_sw_drop`. A sababbin kenel, in direba ya goyi baya, `ethtool -S eth0 --groups eth-mac rmon` yana ba da sunaye na bai ɗaya irin su `FrameTooLongErrors`. Suwic na Cisco yana kiransu `giants` a `show interfaces`.

Ka lura da bambanci ɗaya da ma'aunin RMON ya yi. Firam mai tsawo da FCS ɗinsa ke daidai, wani ne ya aiko shi da gangan, matsalar saiti ce. Firam mai tsawo da FCS ya lalace, wanda ake ƙirgawa a `jabber`, yawanci waya ce ta lalace ko kan fayiba ya yi datti ko kati yana mutuwa. Wannan ba MTU zai gyara shi ba, sai an canza kayan.

Jimillar da ta taru tun kunna inji ba ta da amfani sosai. Karanta maƙirgin, maimaita abin da ke kawo matsalar, sake karantawa. Wanda ya motsa shi ne naka. Yi haka a ɓangarori biyu da kuma kowace kafar suwic da ke tsakani.

Mataki na uku: auna hanyar

```
ping -M do -s 1472 192.0.2.10
ping -M do -s 8972 192.0.2.10
ping -6 -M do -s 1452 2001:db8::10
```

`-M do` yana hana gutsurawa. 1472 shi ne 1500 ban da 20 na kan IPv4 da 8 na ICMP. 8972 kuma na 9000 ne. A IPv6 kai bayit 40 ne, shi ya sa 1452. Sakamako uku ne ke iya fitowa. In amsa ta dawo, hanyar ta ɗauka. In ping ya ce saƙo ya yi tsawo ko wata rawuta ta amsa da `Frag needed` tare da adadi, hanyar ƙarama ce amma tana faɗin gaskiya, kuma `tracepath` zai nuna maka inda ta tsuke. In kuwa shiru ne alhali ƙaramin ping yana tafiya, to ko dai jefarwa ce a matakin Ethernet, ko wani ya toshe ICMP. Rage girman da rabi-rabi har ka kama adadin ƙarshe da ke wucewa, domin adadin kansa yana nuna mai laifi: 1468 alamar VLAN ce da ba a yi wa lissafi ba, 1464 PPPoE ne, 1422 VXLAN.

Gwada daga ɓangarori biyu. Hanyar zuwa da ta dawowa ba lallai su zama ɗaya ba, kuma kamar yadda aka gani a sama, abin da kati ke karɓa ba lallai ya yi daidai da abin da yake aikawa ba.

Gyara a matakin Ethernet

Ƙa'idar ita ce duk na'urorin da ke VLAN ɗaya su yi MTU ɗaya, suwic kuma ya ɗan fi su. Akwai dalilin da ya sa rashin daidaito ke daɗewa ba a gano ba. Idan sabar mai 9000 ta yi magana da mai 1500 ta TCP, mai 1500 tana sanar da MSS 1460, wato iyakar bayanan da za ta karɓa a fakiti ɗaya, tun a gaisuwar farko, ɗayar kuma ta bi, komai ya tafi daidai. UDP ne ba shi da wannan gaisuwar, shi ke faɗawa rami. Mafi wahala kuma shi ne sabar biyu duk 9000, suwic ɗaya a tsakiya an manta shi a 1500: kowace ta sanar da 8960, gaisuwa ta wuce saboda ƙarama ce, fakitin bayanai na farko ya mutu. Idan rawutoci ne masu OSPF, alamar ita ce maƙwabtaka ta maƙale a ExStart ko Exchange.

Fara da suwic, har da hanyoyin da ke haɗa suwic da suwic, sannan ka zo kan sabar. Duba iyakar kati tukuna:

```
ip -d link show dev eth0
ip link set dev eth0 mtu 9000
```

Umarni na farko yana nuna `minmtu` da `maxmtu`. Direbobi da yawa suna sauke kafar su sake ɗaga ta yayin canza MTU, don haka kada ka yi shi ta kan kafar da kake ciki ba tare da wata hanyar shiga ba. Kafar VLAN ba ta iya wuce uwarta, sai ka ɗaga uwar tukuna. Ka kuma rubuta saitin inda zai tsira bayan sake kunnawa: `MTUBytes=` a systemd-networkd, `802-3-ethernet.mtu` a NetworkManager, ko `mtu:` a netplan. Ka duba ko DHCP yana raba wani adadi dabam ta zaɓi na 26, ko rawutar IPv6 tana sanar da nata MTU, domin suna iya sauya abin da ka sa.

Idan jambo na rumbun ajiya ne kawai kake so, ba dole ne duk zirga-zirga ta bi shi ba. Bar kafar a 9000, ka ɗaure hanyar waje:

```
ip route change default via 192.0.2.1 mtu 1500
```

Jambo yana da kuɗinsa a ƙwaƙwalwa. Tsofaffin direbobi suna neman mazubi ɗaya mai kilobayit 16 a jere ga kowane gurbi na zoben karɓa. Zobe mai gurbi 4096 ya cinye megabayit 64 ke nan a layi ɗaya, kuma idan ƙwaƙwalwa ta rarrabu sai ka fara ganin `page allocation failure` da `order:2` a dmesg. Rage zoben da `ethtool -G` yana sauƙaƙa shi. Masu amfani da XDP, shirin da ke sarrafa fakiti tun a matakin direba, su sani cewa shirin da ba a rubuta don mazubai da yawa ba yana buƙatar firam ya shiga shafi ɗaya, shi ya sa direba ke ƙin MTU 9000 muddin shirin na ɗaure. Goyon bayan mazubai da yawa ya shigo a 5.18, kuma sai direba da shirin duk sun yarda da shi.

Ga mai rubuta direba

A nan kuskure ba ya tsayawa a ɓacewar fakiti, yana zama ƙofar kutse. Abu biyu ne suka faru a 2009 da ya kamata kowane mai rubuta direba ya sani. A direban r8169 na katunan Realtek, iyakar da aka gaya wa kati ta fi girman mazubin da aka ware, sai dogon firam ya malala ya taka ƙwaƙwalwar kenel. An yi masa lamba CVE-2009-1389. A direban e1000 kuma, firam da ya fi mazubi ɗaya kati yana raba shi zuwa gurabe biyu ko fiye, ya sa alamar EOP, wato ƙarshen fakiti, a na ƙarshe kawai. Direban yana jefar da gurbin da ba shi da alamar, amma gurbin ƙarshe yana da ita, sai ya ɗauke shi a matsayin cikakken firam. Mai kai hari yana iya tsara wutsiyar babban fakiti ta yi kama da sabon firam mai nasa kawuna, ta wuce katangar tsaron da ta duba kan asali kawai. Wannan shi ne CVE-2009-4536. Maganinsa tuta ce da ke tuna cewa ana cikin zubarwa:

```
if (!eop)
        ring->discarding = true;
if (ring->discarding) {
        /* mayar da mazubi cikin zobe */
        if (eop) {
                ring->discarding = false;
                stats->rx_length_errors++;
        }
        goto next_desc;
}
```

Tutar dole ta zauna a tsarin zoben, ba a cikin aikin da ke zagayawa ba. NAPI, tsarin da kenel ke kwashe fakitoci daga zoben da shi, yana tsayawa idan kason zagayensa ya ƙare, kuma yana iya tsayawa a tsakiyar firam. Idan tutar ta mutu tare da zagayen, kuskuren ya dawo. Ka kuma share ta duk lokacin da aka sake saita zoben.

Sauran ƙa'idojin gajeru ne, amma ba wadda za a tsallake. Tsawon da kati ya rubuta a gurbi bayani ne daga waje, ka gwada shi da girman mazubi kafin ka kira `skb_put`, domin in ya wuce, `skb_over_panic` zai durƙusar da kenel gaba ɗaya. Kafin ka cire bayit 4 na FCS, tabbatar tsawon ya kai abin cirewa; lamba marar alama da aka cire wa fiye da abin da take da shi tana juyewa ta zama ƙatuwa. In kana ɗinka gurabe da yawa a fakiti ɗaya, ƙirga su da `MAX_SKB_FRAGS`, wanda 17 ne a saitin da aka saba. Lokacin canza MTU, tsayar da karɓa, sake ware mazubai, sannan ka rubuta wa kati sabuwar iyaka. Kada a sami ko daƙiƙa ɗaya da iyakar kati ta fi mazubi. Iyakar kuma ta ƙunshi kan firam da FCS da sararin alamar VLAN. Direbobin USB da na injunan kwaikwayo, inda tsawo ko adadin mazubai ke zuwa a cikin wani kai da na'urar ta rubuta, su ma haka: kada a yarda da adadin sai an auna.

Kada ka taɓa yanke firam ka miƙa guntunsa sama. Jefar da shi ɗungurungum, ka ƙirga shi a `rx_length_errors`, kuma in za ka rubuta saƙo a dmesg ka taƙaita yawansa, don kada mai aiko da manyan firam ya cika maka faifai.

Matakin IP da harhaɗa gutsattsari

Da fakiti ya iso `ip_rcv`, kenel yana gwada tsawon da kan IP ya faɗa da abin da ya zo a zahiri. In abin da ya zo ya fi, ana datse rarar, domin yawanci cikon Ethernet ne. In ya gaza, a jefar a ƙirga a `IpExtInTruncatedPkts`. Motsin wannan maƙirgi alama ce ta cewa wata na'ura a hanya tana yanke firam maimakon jefarwa.

Babban haɗari yana wurin harhaɗawa. Filin matsayin gutsure bit 13 ne, ana ninka shi da 8, don haka gutsure na ƙarshe yana iya farawa a bayit 65528 ya kuma ɗauko kaya a kai. Jimillar ta wuce 65535, kuma a 1996 manyan manhajojin da ke tafiyar da kwamfuta da yawa ba sa dubawa. Ping ɗaya mai kaya 65510 ya isa ya kayar da inji. Shi ne harin da aka sani da Ping of Death. Linux na yau yana duba jimillar kafin ya harhaɗa, in ta wuce ya rubuta `Oversized IP packet from` da adireshin mai aikawa, ya zubar. Ganin wannan saƙo ba ya nufin an cutar da kai, yana nufin wani yana gwadawa ko wata na'ura ta rikice. Gutsattsarin da suka hau kan juna ma ana zubar da layinsu gaba ɗaya: RFC 5722 ya wajabta hakan ga IPv6 tun 2009, Linux kuma ya yi wa IPv4 haka bayan raunin FragmentSmack na 2018.

Saituna uku ne ke mulkin wannan wuri:

```
sysctl net.ipv4.ipfrag_high_thresh net.ipv4.ipfrag_time net.ipv4.ipfrag_max_dist
nstat -az | grep -i reasm
```

Na farko bayit 4194304 ne, wato megabayit 4 na gutsattsarin da ke jiran 'yan uwansu. Na biyu lokacin jira ne, daƙiƙa 30, na IPv6 kuma 60. Na uku 64, iyakar hargitsin jeri da ake yarda da shi a gutsattsarin mai aikawa ɗaya. Ga yadda suke haɗuwa su cuce ka: gutsure ɗaya ya ɓace, sauran su zauna daƙiƙa 30 suna cin wuri. In irin haka ta yi yawa ma'ajin ya cika, kuma tun daga 4.17 kenel ba ya korar tsofaffi don sababbi, yana ƙin duk gutsuren da ya zo ne har lokacin tsofaffin ya ƙare. Abin da za ka gani shi ne UDP mai manyan saƙonni yana aiki, ya ɗauke na kusan rabin minti, ya dawo, `IpReasmFails` kuma yana tsalle. A kan hanyar cikin gida da ka amince da ita, ɗaga ma'ajin zuwa megabayit 32 ko fiye ka rage lokacin zuwa daƙiƙa 3 ko 5. A kan sabar da ke fuskantar intanet, rage lokacin ya fi ɗaga ma'ajin hikima.

Duk da haka gyaran gaskiya yana wurin mai aikawa. Saƙon UDP mafi girma, bayit 65507, yana rabuwa gida 45 a kan hanya mai 1500. In hanya tana ɓatar da fakiti ɗaya cikin ɗari, sama da kashi ɗaya cikin uku na irin waɗannan saƙonni ba za su cika ba. Wannan ne ya sa masu manhajojin DNS suka haɗu a 2020 a kan 1232 a matsayin girman amsar UDP, abin da ya fi haka ya koma TCP.

Idan injinka rawuta ne

Fakiti ya shigo ta kafa mai faɗi zai fita ta mai ƙunci. A IPv4, in babu tutar DF mai hana gutsurawa, kenel ya gutsura ya tura. In akwai ta, ya jefar, ya ƙara `IpFragFails`, ya mayar da ICMP nau'i 3 lamba 4 ɗauke da MTU na kafar fita. A IPv6 rawuta ba ta gutsurawa ko kaɗan: ICMPv6 nau'i 2 take mayarwa, ta ƙirga a `Ip6InTooBigErrors`. Mai aikawa ya karɓi saƙon ya rage girma, Linux kuma yana riƙe adadin na minti 10. `ip route get` da adireshin zai nuna maka shi.

Duk wannan tsari a kan saƙon ICMP ɗaya ya rataya, kuma shi ne mutane ke toshewa da sunan tsaro. Toshe ICMP gaba ɗaya kuskure ne, a IPv6 kuwa karya hanyar ne kai tsaye. In katangarka tana barin abin da conntrack, mai bin sawun haɗi, ya ɗauka `related`, saƙonnin za su wuce. In ba haka ba, buɗe musu a fili. Tabbatar da idonka:

```
tcpdump -ni eth0 'icmp[0]==3 and icmp[1]==4'
tcpdump -ni eth0 'icmp6 and ip6[40]==2'
```

Katangar wasu ba a hannunka take ba, don haka a bakin PPPoE ko bututu ana datse MSS:

```
nft add rule inet mangle forward tcp flags syn tcp option maxseg size set rt mtu
```

Wannan yana buƙatar teburi da sarƙar su kasance tun da farko. A iptables kuma `TCPMSS --clamp-mss-to-pmtu` ne. A PPPoE zai ba da 1452. Dabara ce mai aiki, amma TCP kaɗai take ceta. UDP da abin da ke cikin IPsec ba ta taɓa su. A kan sabar kuma `net.ipv4.tcp_mtu_probing=1` yana sa TCP ya gane ramin shiru da kansa, ya sauka zuwa ƙaramin girma ya riƙa hawa a hankali. Inda kayan hanya naka ne, abin da ya fi shi ne ka faɗaɗa ƙasa: ba hanyar da ke ɗauke da VXLAN aƙalla 1550, ko 1508 ga PPPoE in ɓangarori biyu sun goyi bayan RFC 4638, sai na ciki ya ci gaba da 1500 ɗinsa.

In har yanzu ba ka ga inda fakiti ke mutuwa a cikin kenel ba, `perf trace -e skb:kfree_skb` ko dropwatch za su nuna aikin da ya jefar da shi, kuma sababbin kenel suna haɗawa da dalili, irin su `PKT_TOO_BIG`.

Soket

Fakiti ya tsallake duk wannan, ya iso manhaja, ya kuma iya lalacewa a nan. Idan ka kira `recvfrom` a soket na UDP da mazubi mai bayit 1500 saƙon kuma 4000 ne, Linux yana ba ka 1500 na farko ya zubar da sauran, ba tare da kuskure ba, kuma kira na gaba sabon saƙo zai kawo. Windows ya bambanta, yana mayar da `WSAEMSGSIZE`. A Linux sai ka nema da kanka: yi amfani da `recvmsg` ka duba `MSG_TRUNC` a `msg_flags`, ko ka miƙa `MSG_TRUNC` a kiran don ya faɗa maka ainihin tsawon. Haɗa shi da `MSG_PEEK` yana ba ka tsawon ba tare da cire saƙon daga layi ba. A kula da tarko ɗaya: da wannan tuta adadin da kiran ya mayar yana iya fin mazubinka, don haka kada ka ɗauke shi kai tsaye ka yi kwafi da shi. In ba ka san iyakar saƙonnin da za su zo ba, ware mazubi mai 65536. In ka sani, duk saƙon da ya zo a yanke ka jefar da shi ka ƙirga, kada ka miƙa wa mai fassara guntu.